Tiyatar kansar tumbi ga mai ƙiba: wane haɗin hanji ya fi maka?

Toh idan likita ya ce kansar tumbi ce kuma sai an yi aiki, mai ƙiba zai ji 'yan dubiya na cewa ai gaba ta kai ka, teɓa za ta zube. Kar ka biye musu. Nauyi zai sauka kam, amma da kitse da tsoka tare suke tafiya, kuma mutum yana iya zama da jikinsa ɓul-ɓul alhali jininsa ya yi ƙasa.

Maganar a yanke rabi ko a cire duka ba a hannunka take ba, inda ciwon ya zauna shi ke yanke hukunci. In a ƙasan tumbi yake a kan bar maka wani ɓangare, in ya hau sama ko ya bazu sai a cire gaba ɗaya, daga nan kai da allurar bitamin B12 har ƙarshen rayuwa don tumbi ne ke fitar da sinadarin da hanji ke tsotsarsa da shi. Kuma ƙarancin bitamin ɗin na da yaudara, hanta na da ajiyarsa, sai an kwana biyu sosai sannan kasala da mutuwar ƙafa su fara.

Inda za ka sa baki shi ne yadda za a haɗa hanjin in an bar saura. Akwai Billroth na 1, sunan likitan da ya fara cin nasarar aikin a Biyana ta ƙasar Ostiriya a 1881, ana ɗinke ragowar tumbin da farkon hanji, abinci ya bi tsohuwar hanyarsa, sinadarin ayon mai ƙara jini da kalsiyam mai ƙarfafa ƙashi su fi shiga jiki, sai dai mai ciwon suga ba ya samun sauƙi sosai. Billroth na 2 kuwa tsallake farkon hanjin ake yi, matsalarsa ruwan matsarmama da ke komawa tumbi, ƙwannafi da ɗacin baki.

Ni dai ga mai ƙiba da suga na fi karkata ga Roux-en-Y. Shi ma yana tsallake farkon hanji amma ana karkatar da ruwan ɗacin can ƙasa, kuma irin tsarin da ake amfani da shi ne a tiyatar rage ƙiba, shi ya sa suga ke yawan lafawa bayansa, a Koriya ta Kudu ma inda kansar tumbi ta yi yawa likitoci na tsawaita ɓangaren hanjin da ake tsallakewa da gangan don masu suga. Amma fa ba banza ba ne, ƙarancin jini da raunin ƙashi sun fi bin wannan hanyar, gwajin jini ya zama dole lokaci-lokaci.

Ko wanne aka yi, kofin fura da suga a ɗaga kai a shanye ya ƙare. Cikin minti 30 sai zufa, jiri, zuciya na dukan uku-uku, ciki na murɗa, don abin ya zarce hanji a guje. Ci kaɗan-kaɗan sau 6 a rana, ƙwai da kifi da wake a gaba, ruwa kuma a bari sai an jima da ci.

In kana allurar insulin ko ƙwayar suga, tun kafin sallama ka tambayi likita nawa za a rage, tsohon awon zai iya faɗar maka da suga ƙasa warwas.