Canon 2000D da fitilar LED wajen ɗaukar hoton mesa

Masu kiwon maciji a gida da ke ta tambaya wace kyamara za su fara da ita, ni dai Canon EOS 2000D gare ni, okaziyo na saye ta nan Damagaram da gilashinta 18-55. Ta fito a 2018, megafiksel 24, kuma wallahi ga mai farawa ta isa. Ƙaramar mesar nan nake ɗauka, python royal irin ta Togo da Benin, wadda in ta tsorata sai ta dunƙule ta cusa kai a tsakiya.

Kyamarar na matsowa har santimita 25, ka ga tsarin fatar ɗaya bayan ɗaya. Amma kada ka bar ta ta zaɓi inda za ta kama da kanta, sai ta kama jiki ta bar kai dishi-dishi, ka zaɓi ɗigon tsakiya cikin ɗigogin saitin da kake gani in ka leƙa kyamarar, ka ɗora kan ido. In harshe kake so a hoton ka kai saurin ɗaukar hoton 1/500 na dakika, kuma sai ka yi haƙuri don hoto 3 kawai take yi a dakika. Allon bayanta ba ya juyawa, dole ka kwanta rub da ciki.

To maganar gaskiya rabin aikin haske ne fa. Filashin da ke kanta kashe shi, fatar maciji na da sheƙi, in ya doke ta kai tsaye fari fat za ta fito, launin ƙasa-ƙasan nan mai kyau duk ya ɓace. Ni ƙaramar fitilar LED mai batir nake ajewa daga gefe in rataya farin yadi a gabanta, hasken ya yi laushi, kuma ko kuran ya ɗauke aiki bai tsaya ba. Kwan fitila mai zafi kam kada ma ka soma, da zafin Afrilu na garin nan azabtar da dabba ne kawai. Wanda bai da kuɗin fitila ya fito bakin zaure da sassafe, hasken nan ma ya wadatar.

Mai niyyar ƙara filashi na waje ya leƙa mazauninsa a saman kyamarar tun a shago, wasu 2000D ba su da ɗan ƙarfen tsakiyar nan da ke tada filashi, filashi mai araha ba zai tashi ba.

In ka ga idon mesar ya yi shuɗi-shuɗi kamar hazo to saɓa za ta yi, ƙyale ta, ba ta gani sosai kuma tana saurin fushi, bayan ta saɓe ne launin ke fitowa tas. Haka in ta ci abinci a bar ta kwana biyu.

Duk wannan kan mesa nake magana don Allah. Kububuwa da gamsheƙa ba a matsa masu da gilashin 18-55, gamsheƙa daga nesa take tofa dafi a ido, ko a hannun gardawa ka gan su tsaya can baya.