Ledar da aka ce tana ruɓewa: wacce ya kamata mai shago ya saya?

Tun watan Afrilun 2014 dokar Kamaru ta hana siririyar ledar da ba ta ruɓewa, wadda kaurinta bai wuce maikiron 60 ba (maikiron dubu ne ke yin milimita ɗaya). A Njamena ma an matsa wa leda lamba tun 2010. Daga nan ledoji masu ɗauke da kalmar "biodégradable", wato mai ruɓewa, suka fara yawa a kasuwannin Garwa da Marwa, masu shago da masu tuyar ƙosai suna ƙara kuɗi su saya da niyyar bin doka. Amma ba duka ne ke ruɓewa ba, kuma kafin ka biya ya kamata ka san wadda ke hannunka.

Mafi arha ita ce mai tambarin "oxo". Ledar man fetur ce ta yau da kullum, an zuba mata wani sinadari da ke sa ta farfashe idan rana ta buge ta. Farfashewa take yi, ba ruɓewa ba: ta koma ɓurɓushi ta shige ƙasar gona da kwata. Tarayyar Turai ta haramta ta tun 2021. Ni dai ban ga dalilin ƙara ko dala a kanta ba.

Sai wadda ake yi da sitacin masara ko rake, mai suna PLA, wadda galibi ake gauraya ta da wata roba mai laushi, PBAT. Wannan tana ruɓewa da gaske, amma da sharaɗi. Abin da ke cinye ta su ne sinadaran enzayim da ƙwayoyin halitta ke fitarwa, waɗanda ke yanka dogayen sarƙoƙin robar gunduwa-gunduwa, kamar yadda tsiron hatsi ke tsinka kunu mai kauri ya mayar da shi mai zaƙi. Enzayim kuwa ba ya aiki sai da danshi da ɗumi. Ƙa'idar Turai ta EN 13432 tana neman kashi 90 cikin ɗari ya ruɓe cikin wata shida, amma a masana'antar takin da zafinta ke kaiwa wajen digiri 58. A nan muna da zafi, danshin ne babu. Ledar da iska ta maƙala a ƙayar bagaruwa a watan Maris za ta daɗe a wurin, kuma tunkiyar da ta haɗiye ta ba ta tsira ba. A Jami'ar Plymouth ta Ingila an binne irin ledojin da ake kira masu ruɓewa, bayan shekara uku aka tono wasunsu har suna iya ɗaukar kaya. An buga sakamakon a 2019.

Shi ya sa masana suka koma zuba enzayim ɗin a cikin robar tun a masana'anta. Kamfanin Carbios na Faransa yana da irin wannan na PLA, masu bincike a Berkeley ta Amurka ma sun nuna nasu a 2021: enzayim ɗin yana kwance cikin ledar har sai ta haɗu da ruwa da ɗumi, sannan ya farka ya fara ci daga ciki. Ita ce za ta fi dacewa da ramin takin da ake yi a gida. Matsalar ita ce tsada da wuyar samu, sannan wurin ajiya: sito mai rufin kwano da ke ɗigar ruwa a damina zai iya lalata maka ita tun ba ka sayar ba. Idan dillali ya ce tasa irin wannan ce, nemi ya nuna maka tambarin "OK compost HOME" a jikin ledar kanta. Mai "INDUSTRIAL" sai da masana'anta. Hoton koren ganye kawai ba shaida ba ne.

Kada kuma a rikita ka da labarin ƙwayar halittar da aka gano a Japan a 2016 mai cin robar goran ruwa. Gaskiya ne, amma robar gora take ci, bai shafi ledar shagonka ba.

Duba abin da kake ƙullawa. PLA tana yin laushi da zarar zafi ya kusa digiri 60, don haka ƙosai daga kasko ko koko mai tururi za su naƙasa ta. Takarda marar rubutu ta fi musu, ba tsohuwar jarida mai tawada ba, kuma ba takardar buhun siminti ba. Mai sayar da sukari da gishiri a damina yana bukatar abin da ba ya jiƙewa, shi leda mai kauri da ta haura ma'aunin doka, wadda mai saye zai dawo da ita sau da yawa, ta fi masa amfani. Kayan miya kuwa kwando ko jakar yadi sun wadatar. Ledar masara mai sahihin tambari ta cancanci kuɗinta ne idan kana da ramin taki da ake yayyafa wa ruwa ana juyawa, kamar na masu lambu a bakin Binuwai. Sayi ƙunshi ɗaya tukuna, ka binne guda biyu a ramin, ka tono bayan wata uku ka gani kafin ka yi odar katan.