Led Zeppelin IV ko Back in Black: wanne ya fi tasiri a tarihin kiɗan rock?

Masu sauraron kiɗan rock mai kaushi sun daɗe suna jayayya kan waɗannan faya-fayan biyu. Ƙungiyar Led Zeppelin ta Ingila ta fitar da faifanta na huɗu a Nuwamba 1971 ba tare da rubuta ko sunanta a bangon ba, yayin da AC/DC ta Ostareliya ta fitar da Back in Black a Yuli 1980 cikin baƙin bango, domin makokin mawaƙinta Bon Scott da ya rasu a Fabrairun shekarar.

Ƙarfin faifan Led Zeppelin yana cikin faɗinsa, domin ya haɗa rugugin jita da kiɗan gargajiyar Birtaniya da salon blues na baƙaƙen Amurka. A gidan Headley Grange, inda aka naɗi faifan, aka ajiye gangunan John Bonham, makaɗin gangar ƙungiyar, a ƙasan matakala, aka rataye makirufo daga sama, shi ya sa amonsu a waƙar "When the Levee Breaks" ya cika kunne har mawaƙan hip-hop suka riƙa aronsa.

Back in Black kuwa bai yi wannan yawo ba. Da bugun ƙararrawa yake buɗewa, sannan waƙoƙi goma su bi layi ɗaya da muryar Brian Johnson, mawaƙin da ya maye gurbin Bon Scott. Ya fi ɗan'uwansa kasuwa, amma a ganina tasirinsa ya fi tsayawa kan tsabtar sautin da furodusa Mutt Lange ya tsara a Bahamas.