Ratsa Hamadar Arizona da Motar Kwana Lokacin Sanyi

'Yan uwa da ke tambayar yadda ake tafiyar hamada a Amurka, ga bayani. Da sanyi ya kama, tsofaffin da suka yi ritaya a jihohin arewa da Kanada sai su gangaro kudancin Arizona da RV, wato mota mai gado da kicin da banɗaki a cikinta. Matattararsu Quartzsite, ƙaramin gari a mahaɗar babbar hanya mai lamba 10 da mai lamba 95. Hukumar BLM ce ke kula da filayen gwamnati na kewaye. Akwai inda za ka sauka kyauta har kwana 14, akwai kuma irin su La Posa, inda ake yankar takardar zama daga 15 ga Satumba zuwa 15 ga Afrilu, da famfo da ramin juye ruwan masai.

Direban hanyar Agadas zuwa Dirku jarkoki yake ɗaurewa a jikin mota. Ita RV tanki uku gare ta: na ruwan sha, na ruwan wanke-wanke, da na masai. Wajen juyewa a fara buɗe na masai, sannan na wanke-wanke ya ɗauraye tiyo. Kada a bar na masai a buɗe kullum. Ruwan zai tsiyaye, kashin ya taru ya bushe, kuma fitar da shi ba ƙaramin aiki ba ne.

Abin da ke kayar da baƙo shi ne dare. Wajen Yuma, birnin da ke kudu da Quartzsite, da wuya ruwa ya daskare, amma da ka hau tudun Niyu Meziko, ko garin Flagstaff na arewacin Arizona mai tsayin kusan mita 2,100, ƙanƙara na iya fasa bututu kafin asuba. A cire tiyon waje da magariba, a bar ƙofofin kabad na ƙarƙashin wurin wanke-wanke a buɗe don ɗumi ya shiga. Hitar motar gas take ƙonawa, amma fankarta daga batir take ja, shi ya sa mutum kan farka tukunyar gas cike, ɗaki kuwa sanyi ƙarara. Batir mai ruwa kada ya sauka ƙasa da rabi. Na litiyom kuma ba a cajinsa in sanyi ya kai na daskarar da ruwa, sai in mai ɗumama kansa ne. Murhun girki ba na jin ɗumi ba ne, iskarsa na kisa a rufaffiyar mota.

A ganina babban bambanci da gida shi ne kaya a wadace suke, hannun gyara ne ke da tsada. Faifan sola, famfo, fiyus, duk za ka samu cikin sauƙi. Amma babu mai faci a gindin bishiya, babu 'yan bumburutu, kuma bakaniken da zai same ka a daji yakan caji fiye da dala 100 a awa, ban da kuɗin zuwa. Don haka a duba shekarar taya a gefenta ko da zanenta bai cinye ba, a kuma sha mai tun tanki na rabi, domin matsakaiciyar RV na shan lita 25 zuwa 30 a kilomita 100.

Kada a kwana a busasshen kwari duk kyan yashinsa. Ruwan da aka yi a kan duwatsu nesa yana iya cika shi cikin dare.