Hattara da mai sayar da gurbin digiri na biyu a Jamus

Naira dubu 450 kowane yaro. Dubu 450! Kuma ba yaro ɗaya ba, daga ƙauyukan Ringim har Taura. Allah ya isa.

Kada wani ya ce wauta ce ta kai iyayen nan. Mutumin ya yi sallar Juma'a da jama'a, ya zauna kan tabarma yana bayanin kimiyyar kayan ƙere-ƙere, yadda ake gasa ƙarfe a tsoma shi a mai ya yi tauri, har da na'urar da ke duba tsarin ƙwayoyinsa. Wa zai zargi mai irin wannan baki? "Alhaji, gurbi uku ya rage, Litinin ake rufewa." Da wannan kalmar dattijo ya kai buhunan riɗinsa kasuwa. Gurbi uku, Litinin. Ashe kowane gida haka ya faɗa.

Dubu 150 wai na fom, dubu 300 wai kafin alƙalamin asusun biza, wato asusun da ɗalibi ke ajiye kuɗin zamansa a Jamus kafin a ba shi biza. Fom ɗin uni-assist, ofishin da ke tantance takardun masu neman gurbi a jami'o'in Jamus da dama, Yuro 75 ne na farko, 30 kowane ƙari, kuma a shafinsu ake biya. Neman tallafin DAAD, hukumar Jamus mai ɗaukar nauyin karatun ɗalibai, kyauta ne. Asusun biza kuwa Yuro 11,904 ake zubawa na shekara guda, da sunan ɗalibin, ba a asusun wani ba, babu wani kafin alƙalami. Tun kafin nan ma, takardar gurbin da ya nuna daga adireshin Gmail ta fito, ta iso kafin jami'ar yaron ta fitar da cikakken sakamakonsa. Ta ina aka tantance shi? Fannin nan na kimiyyar kayan ƙere-ƙere sai an duba digirinka na farko, fiziks ne, kemistiri ko injiniyanci, an ƙirga darussan lissafi da na kimiyyar zafi da ka ci, sannan shaidar Turanci, galibi maki 6.5 a jarrabawar IELTS. Shi kuwa har wanda ya karanta tattalin arziki ya karɓi dubu 450 ɗinsa.

Yanzu layinsa a kashe, ya yi layar zana. Rasit da hotunan hirarsu ta WhatsApp suna hannu, zan ɗora su da daddare.

Kada ku tura wa kowa sisi. Mai son fannin, Jami'ar Ahmadu Bello Zariya na da sashensa, ya je da ƙafarsa. Riɗin shekara guda, wallahi!