Detour na 1945 a faifan Blu-ray: gyaran da ya dawo wa fim da duhunsa

Duk mai son tsofaffin finafinan Amurka na baƙi da fari, irin waɗanda Faransawa suka raɗa wa suna film noir, ya san wahalar da Detour ya sha. Edgar G. Ulmer ne ya ba da umarninsa a 1945, a ƙarƙashin wani ƙaramin kamfani mai suna PRC da ya shahara da finafinan araha. Daga baya haƙƙin mallakarsa ya faɗi, ya zama na kowa, sai kowane ɗan kasuwa ya riƙa kwafarsa daga duk abin da hannunsa ya kai gare shi. Kwafin DVD da na daɗe ina kallo daga cikin irin waɗannan yake: hoton ya koɗe, fuskoki sun dushe kamar ana hango su ta cikin ƙurar hunturu, sautin kuma sai ƙara yake yi.

Kwanan nan na samu faifan Blu-ray da kamfanin Criterion ya fitar a 2019, kuma ba na da-na-sanin kuɗin da na kashe. An ɗauko shi ne daga gyaran 4K, wato mai tsananin fitar da hoto tar, da cibiyoyin adana finafinai na Academy Film Archive da Film Foundation suka kammala a 2018. Kwafi mafi kyau da aka samu yana ajiye ne a rumbun finafinai na Beljiyam, amma an buga masa fassarar Faransanci da Filemanci, harsunan Beljiyam, a jikin hoton. Dole ta sa masu gyaran suka share rubutun, suna cike gurbin da wani kwafi na gidan adana kayan fasaha na MoMA da ke Niyok. Na zuba ido a ƙasan allo ina neman tabon wannan aiki, ban gan shi ba.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne baƙin. A irin waɗannan finafinai duhu ne ke ɗauke da rabin labari. Dubi wurin da Al Roberts, wanda Tom Neal ya fito a matsayinsa, ke zaune a wata 'yar rumfar cin abinci a garin Reno: haske ya janye daga ko'ina, ya rage ɗan tsiri kawai a kan idanunsa, sannan ya fara tuna yadda ya baro kiɗan fiyano a Niyok zuwa Los Anjales neman budurwarsa. A tsohon kwafina toka-toka ce kawai ta rufe allon. A nan kuwa duhun ya yi baƙi ƙirin, ana ganin gumin da ke goshinsa da gemun da ya kwana bai aske ba. Haka Vera, wadda Ann Savage ta fito a matsayinta. Sa'ad da ta farka a cikin motar da Al ya rage mata hanya da ita, wadda ba tasa ba ce, ta juyo ta tambaye shi inda ya kai mai motar, sai da gabana ya faɗi, don yanzu ne na ga maiƙon gashinta da yadda ƙwayar idonta ke ƙyalli.

Na yaba da ba su goge ɗigo-ɗigon asalin fim ɗin ba. Wasu kamfanoni kan wanke hoto da kwamfuta har fatar mutum ta koma sumul, wannan kuwa ɓarna ce. Talaucin fim ɗin ma ya fito fili: hazon da aka turnuƙe titi da shi don ɓoye rashin gine-gine, da motocin da ke bin hannun da ba nasu ba saboda an juya hoton. Sautin na lasifika ɗaya ne, amma maganganu suna fita tar.

Ƙorafina biyu ne. Fim ɗin bai kai minti 70 ba, ga tsada, ga kuɗin aikowa, kodayake akwai ƙarin shiri kan rayuwar Ulmer da wani kan yadda aka yi gyaran. Sannan fassarar ƙasan allo ta Turanci ce kaɗai. Mai niyyar saye kuma ya duba shiyya tukuna, don ana kulle faifan Blu-ray ga na'urorin wani yanki na duniya: bugun Amurka na shiyyar A ne, Afirka kuwa tana shiyyar B, don haka sai na'urar shiyyar A ko wadda ke karɓar kowace shiyya ce za ta buɗe shi. In za a kalla, a kashe fitila, a kuma kashe saitin talabijin da ke santsantar da motsi.