Muryoyi huɗu na tsohuwar Game Boy a Ikeja

'Yan uwa na Maraɗi, ina gaisuwa. Wata huɗu ke nan ina Legas. Cunkoson danfo da tsadar ɗaki a Agege duk na fara sabawa, amma abin da na ji da kunnena a Computer Village, kasuwar wayoyi da kwamfutoci can Ikeja, ya ƙi barin raina.

Kun san 'yar na'urar gem ɗin da na taho da ita, mai wasanni barkatai. Sautinta ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya: ka danna, Mario ya riga ya tashi sama kafin ƙarar tsallen ta iso, kiɗan kuma yana tsinkewa kamar rediyon da batir ya yi wa sanyi. Sau biyu aka canza mini sifika a gida, aka karɓi kuɗi, ba abin da ya sauya. Nan na kai ta wurin wani dattijo Bahaushe mai gyara. Ko sukudireba bai ɗauka ba. Ya kara ta a kunne, ya ce, "Ɗana, sifikarka lafiya lau, kwaikwayo na'urar take yi."

Sai ya ciro tsohuwar Game Boy, na'urar gem ta hannu ƙirar 1989 mai batir huɗu, ya sa mini iyafis. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Yatsa na sauka, sauti ya fito, tas. Ya ce muryoyi huɗu kacal gare ta, a cikin aisinta, wato ɗan guntun lantarkin da ke sarrafa ta, aka gina su: biyu masu kaifi kamar sarewa, ɗaya da masu wasan ke zana wa siffar amo da ɗigo 32, ta huɗu kuma shuuu, ita ke yin ganga da fashewa. Tawa ba ta da ko ɗaya. Manhaja ce ke lissafa yadda za su yi, ta tara sautin a ma'aji kafin ta sake shi. Tarawar ke kawo jinkiri, idan furosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar, ta gaza ma'ajin ya ƙare, sai tsinkewa.

Na ce, "Baba, ke nan manhaja banza ce?" Ya ce a'a. Ko Game Boy Advance ta 2001, yawancin wasanninta furosesa ce ke haɗa kiɗansu, kuma manhaja mai kyau a na'ura mai ƙarfi da wuya ka bambance ta da ta asali. Tawa ce ba ta da ƙarfin, kada in sake kashe ko naira a kanta.

Abin da ke ɓata mini rai, mu can yawan wasanni muke tambaya, ba mai cewa a kunna ya saurara. Mai gyara kuma kunyar "ban sani ba" yake ji, gara ya farke maka kaya. Ina kewar furar gida da hirar dare ƙwarai, amma wannan hali ya kamata mu bari.

Yaya, don Allah duba akwatin ƙarfen Inna, Game Boy ɗin da Kawu ya kawo mana tana ciki. Kada yara su ɓalle ta. A cire batir in akwai, a ba direban da ke kawo albasa kasuwar Mile 12.